Salansar Injin Danja

Aishatu ƙawata, gyara zama. Kin sha tambayata abin da ya faru a gidan Alhaji Baballe shekarar da aka daina ganin ’yarsa a layi, ni kuma ina ta kauce miki. Yau zan faɗa miki yadda na sani. Allah Ya yafe mini inda na ƙara ko na rage.

Alhaji Baballe dillalin tumatir ne a kasuwar Mile 12 ta Legas, gidansa kuwa yana nan Agege, bayan layin dogo. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo. Abu ɗaya Allah Ya jarrabe shi da shi, tsofaffin injina. Yana yaro a ƙauyensu shi ke zuba wa injin niƙa ruwa, tun daga nan ƙarar ta shiga ransa ba ta fita ba. Da Allah Ya buɗa masa, abokansa na sayen filaye a Ikorodu, shi sai ya kama sayen injinan da masu su suka mutu suka bari. Injin niƙa, injin ban ruwa, injin matsar gyaɗa, har da wata jar tantan ta noma marar ƙafafun gaba da aka ɗora a kan bulo. Filin bayan gida da kowa ke cewa ya zuba ɗakunan haya, ya kafa masa rumfar kwano ya jera su a ciki kamar shanu a turke. Ba ya sayarwa, ba ya aiki da su. Ya wanke da kananzir, ya kankare tsatsa, ya shafa fenti. Ran Lahadi bayan la'asar ya tayar da ɗaya, ya zauna a benci yana saurare, ido a lumshe.

Yarabawan layin suka sa masa suna Baba Inji. Abokan kasuwa kuwa in sun gan shi sai su ce, "Alhaji, bana wace gona za a nome, ta kan gadar Agege ko ta Oshodi?" Ya yi murmushi ya wuce.

Matarsa Asama'u ba ta taɓa son ƙarafan nan ba, ba ta kuma taɓa yin faɗa a kansu ba. A ganinta namijin da in ka neme shi ka rasa, ka san yana bayan gida da sifana a hannu, ai abin godiya ne. ’Ya’yansu sun yi aure sun watse, saura auta, Safinatu, budurwa da ta haura ashirin, tana karatun aikin jinya. Haihuwar Legas ce, Hausarta rabi Turanci rabi Yarabanci, bakinta ba ya hutawa. Injinan nan "yayyena" take kiransu, ta ce Abba ya san shekarar da aka ƙera kowannensu amma tata sai ya tambayi Umma.

Wata rana wani direba ya nuna wa Baballe hoto a waya. Wani ƙaton injin ban ruwa ne a wani tsohon lambu a ƙasar Danja, rabinsa ya nutse a ƙasa, ciyawa ta tsiro ta cikinsa. Tun zamanin kakanni ba wanda ya taɓa shi. Baballe ya kasa cin abinci. Lokacin tumatir ne, ba halin tafiya, sai ya yi aike aka daidaita da magada. Matsalar nauyi ce. Babu direban da zai sauke kwanduna ya ba ƙarfe wuri, ɗaukar mota guda kuma saboda tsatsa hauka ne. Sai aka yi yadda mutanen Mile 12 ke yi da duk wani saƙo daga gida, a rarraba, kowa ya riƙo kaɗan. Makaniki ya je lambun ya kwance injin gunduwa-gunduwa. Gangar jikin ta zo a motar albasa, manyan wililin biyu a motar tattasai, ƙananan kaya a buhu bayan kujerar wani direban Funtuwa. Aka yi makonni ana kawowa.

Abin da ya zo ƙarshe salansa ce, wata ƙatuwa kamar tukunyar biki, tsatsa ta cinye ta duk huji. Baballe ya juya ta da ƙafa a ƙofar gida ya ce wannan ta gama aikinta, yana da wadda ta fi ta. Daidai lokacin ’yan gwangwan na wucewa da kurarsu. Ya yafuto su ya ba su kyauta. Ko cikin gida ba ta shiga ba.

Ranar da abin ya fara, yammaci ne kamar kowane. Rana ta yi ja a bayan kwanukan unguwa, hayaƙin masu suya ya kwanta ƙasa-ƙasa, Asama'u na kwashe shanya, Safinatu na tsintar shinkafa a bakin famfo tana ba ta labarin wata malamarsu. Sai wani abu ya faɗo a kan kwano, ya gangaro, ya faɗi gaban Asama'u. Noti ne, mai tsatsa. Ta ɗauka ta ji shi da ɗumi. Wani ya sake faɗowa, sannan wani. Ta leƙa waje don ta yi wa yara magana, ta tarar layin wayam, duk an shige alwala.

Da ta dawo sai ta lura gidan ya yi shiru irin wanda Agege ba ta yi. Hon ɗin motocin danfo da baburan okada yana nan, amma kamar daga ƙarƙashin ruwa yake zuwa. Safinatu ta tsaya da magana, hannunta a cikin shinkafa. Daga cikin rumfar injina wata murya ta fito, ta mace, a hankali, irin yadda ake kiran yaro ya shigo gida.

"Taho mana. Taho, magariba ta yi."

Ladan ya ɗaga murya, abin ya ɗauke. Uwa da ’ya suka dubi juna. Asama'u ta ninke zanen da ke hannunta, ta sake warware shi, ta sake ninkewa.

Baballe da ya ji ya ce ɓeraye ne, muryar kuma rediyon maƙwabta. Amma da safe ya shiga rumfa ya tarar an buɗe murfin kowane inji. Ba a fasa ba, ba a sace ba. An kwance notina an jera su a ƙasa, an ajiye murafen a gefe, har tankin tantan an buɗe. Ya mayar ya ɗaure da ƙarfinsa. Washegari ya tarar da su a buɗe. Daga rumfa abin ya shigo cikin gida. Tukwane a kicin, durowa, akwatunan tufafi, randar ruwa, komai mai murfi sai a wayi gari a same shi a buɗe, cokali ɗaya bai ɓata ba. Kowace magariba kuma notina su zubo a kwano, muryar ta yi kiranta ta yi shiru.

Asama'u ce ta fara gane abin da ake yi, don ta taɓa yin irinsa. Safinatu na ƙarama ta taɓa ɓata mata a kasuwar Oyingbo, ta kama leƙa ƙarƙashin tebura, tana buɗe har kwandunan da ta san yaro ba zai shiga ba. Ta ce wa mijinta wannan ba ɓarna ba ce, nema ake yi. Ya ce ta daina irin wannan magana. Ta daina. Ta ƙara karatun Falaƙi da Nasi, tana tofa wa kusurwoyi, tana rufe tukwanenta da bisimilla, da safe ta same su a buɗe.

Ran wata Alhamis Baballe ya manta wayarsa a rumfa, ya aiki Safinatu ta ɗauko, rana na gab da faɗuwa. Ta tafi tana tsokanarsa, wai bari ta gaida babban yaya. Aka idar da salla ba ta dawo ba. Asama'u ta bi ta, ta same ta zaune a ƙasa jikin injin Danja, wanda Baballe ya gama haɗawa ya shafa wa koren fenti, saura salansa kawai. Ta zura hannunta har gwiwa a cikin ramin da hayaƙi ke fita, tana lalube. Idonta a buɗe, amma babu Safinatu a ciki.

Aka kai ta asibiti, aka auna jini, aka ɗauki hoton kai, aka ce lafiyarta lau. Aka dawo da ita. Ba ta magana, ba ta kuka, abinci sai an ɗura mata. Ta wuni a zaune ta harɗe hannuwa a ƙirji tana jijjiga su a hankali. In magariba ta kawo jiki ta miƙe ta nufi rumfa, mutum biyu ba sa riƙe ta. Notina suka daina faɗowa. Muryar ma ta bar rumfa, ta koma fitowa daga bakinta.

Asama'u ta zaci za ta haukace, sai ta ga ba ta haukace ba. Tana tashi, tana girki, tana wanke ’yarta kamar jaririya, tana amsa gaisuwar masu dubiya, duk kamar wata ce ke yi ita tana kallo daga bakin ƙofa. Ta ƙone a hannu da man suya, sai da maƙwabciya ta nuna mata ta gani. A sujada takan buɗe baki ta roƙi Allah, kalmomin su fito daidai, zuciyar kuwa kamar dutsen niƙa. Hawaye ɗaya bai zo mata ba. Abu ɗaya kawai ta sani, ’yarta na zaune a gabanta kuma ba ta nan, kullum kuma wuyanta ƙara sirancewa yake.

Malam Habibou mutumin Damagaram ne, yana karantarwa a wani ƙaramin masallaci wajen Abbatuwa. Tsoho ne ɗan firit, ba ya duka, ba ya hayaƙi, ba ya ɗaga murya. Ya zo bayan la'asar, ya ƙi shiga ɗaki, ya ce a kai shi inda abin ya fara. Ya tsaya a bakin rumfa ya yi sallama, ya jira kamar mai jiran a amsa, sannan ya shiga. Ya daɗe yana duban injin Danja. Ya tambayi Baballe daga ina, shekara nawa yana ajiye, wa ya ɗauko. Sannan ya tambaya ko wanda ya kwance shi ya yi wa wurin sallama, ya sanar, ya ba da kwanaki kafin ya sa sifana. Baballe ya ce bai sani ba, makaniki ne kawai aka tura.

"Alhaji, abin da ya daɗe a yashe ba kango ba ne," in ji Malam. "Kai ne dai ba ka ganin masu gidan."

Aka shimfiɗa tabarma a rumfa, aka zaunar da Safinatu, uwarta a bayanta tana tallafe da ita. Malam ya fara karatu, a hankali, kamar mai lallashi. Ya yi Fatiha, ya shiga Baƙara. Inuwar injinan ta yi tsawo har ta haye tabarmar. Can jikin yarinyar ya yi nauyi a hannun Asama'u, nauyin da ba nata ba, kanta ya ɗago. Muryar da ta fito ta babbar mace ce, da Hausar ƙauye tsantsa, irin wadda Safinatu ba ta taɓa iyawa ba.

"Malam, bar ƙona ni. Ni ma Musulma ce."

Ya tsaya. Ya tambaye ta sunanta, ta ce sunanta ba zai amfane shi ba. Ya tambaye ta abin da ya kawo ta, ta ce ba ta zo ba, kawo ta aka yi. Ta ce tun injin na aiki take zaune a gindinsa saboda ɗumi, da ya mutu mutane suka watse ta shige ciki, ba ta taɓa tsorata ko akuya ba. Ranar da aka zo da ƙarafan kwancewa tana cikin gangar jikin, ta ga an ɗaga ta sama, ta ga hanya, ta ga garin da ba shi da ƙarshe. Ta yi haƙuri, ta ce ai sauran na tafe. Ta zauna tana kallon kowane yanki na shigowa.

"Duka sun zo ban da ɗaya. Mai kama da tukunya. Nan nake kwantar da ɗana, don ya fi duhu, iska ba ta shiga. Barci yake na bar shi. Ko yaye shi ban yi ba."

Asama'u ta ji abin da aka faɗa ya shiga kunnenta ya sauka wani wuri mai nisa. Ta dubi mijinta. Baballe ya zame daga benci ya zauna a ƙasa.

Malam ya ce mata zalunci haramun ne tsakanin mutum da aljan, yarinyar nan ba ta kwance inji ba, ba ta ɗauki komai ba, Allah kuma bai ɗora wa wani laifin wani. Ta ce ta sani. Ta ce to nata ɗan laifin wa ya ɗauka?

"Ku ba ni nawa in ba ku taku," ta ce. Kan Safinatu ya koma ya langaɓe.

Da asuba Baballe ya fita. Ranar bai je kasuwa ba, tumatir ɗinsa ya wuni a rana. Ya bi ’yan gwangwan layi-layi har ya sami waɗanda ya ba, suka kai shi wurin ogansu, inda ake tara ƙarafa tsibi-tsibi. Ya shiga tsibin da hannunsa, da babbar rigarsa, yara na kallonsa suna dariya. Ogan ya ce ya daina wahalar da kansa, kayan wancan lokacin tuni tirela ta kwashe su zuwa inda ake narkawa a hanyar Ikorodu. Ya bi har can. Mai gadi ya nuna masa ta ƙofa, wuta na ci dare da rana, ƙarfe na fitowa ta ɗaya gefen ja wur, ya zama rodin gini. Abin da ya shigo ba ya kwana biyu.

Ya dawo la'asar sakaliya, hannuwansa duk yanka. Malam Habibou na zaune a tsakar gida yana jan carbi. Baballe ya faɗa musu, shi da Asama'u, idonsa a ƙasa. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, akwai wata tsohuwar salansa a bayan tantan, ita ma mai tsatsa, kusan girmansu ɗaya. In aka kawo aka ce ga ta, an same ta a buɗe, wataƙila yaron ya fita yana nan kusa, ko za ta saki yarinyar ta tafi nema. Malam ya ci gaba da jan carbinsa.

Asama'u ce ta yi magana, ita da ba ta taɓa katse mijinta a gaban baƙo ba.

"Alhaji, ko a cikin dubu aka sa zanen goyona zan gane shi. Kada ka ƙara mata da wannan."

Baballe ya ce to wa zai faɗa mata gaskiya? Ta ce ita.

Aka koma rumfa. Wannan karon Asama'u ba ta zauna a baya ba, ta zauna gaba da gaba, gwiwa na taɓa gwiwa, ta riƙe hannuwan ’yarta da suka yi sanyi. Malam ya yi karatu kaɗan, baƙuwar ta zo da wuri, kamar dama a bakin ƙofa take. Idanun suka wuce Asama'u suna duba bayanta, suna duba hannun Baballe, suka dawo.

Asama'u ta ce, "Baiwar Allah, ba a samu ba. An kai ta inda ake narka ƙarfe. Ta shiga wuta." Ta faɗa yadda ake faɗin farashin kaya, muryarta ba ta ko girgiza ba. Sannan ta yi mata abin da ake yi wa kowace uwa. Ta ce Allah Ya ba ta haƙuri, Allah Ya sa mai ceto ne, Allah Ya sanyaya mata.

Malam ya gyara murya ya ce, cikin taushi, su ai daga wuta aka halicce su, ta yiwu Allah Ya kuɓutar da shi.

"Ku daga ƙasa aka yi ku, Malam. In aka binne jaririnku da rai, tashi yake?"

Malam ya sunkuyar da kai.

Hannuwan da Asama'u ke riƙe da su suka juya suka riƙe nata, riƙo mai ciwo. Muryar ta ce to shi ke nan, ta sami ’ya, za ta zauna. Malam ya ce in ta zauna zai karanta mata abin da ba za ta iya ɗauka ba, kuma ba ya so. Ta ce ya karanta, wadda aka ƙona wa ɗa ba ta tsoron ƙuna, amma ya sani jikin da take ciki ba zai kai ƙarshen surar ba. Asama'u ta ce in jiki take so ga nata, ta saki yarinyar. Idanun suka tsaya a kanta, suka daɗe.

"Ke me zan yi da ke? Na leƙa cikinki tun ranar farko. Babu kowa, kamar nawa."

Suka zauna haka, mata biyu da jiki ɗaya a tsakaninsu. Haske na janyewa daga bakin rumfa. Asama'u ba ta roƙa ba, ba ta da sauran abin roƙo. Ta dai ci gaba da riƙe hannun, babban yatsanta na shafa bayansa yadda take yi tun Safinatu na goye. Ba ta san wa take shafawa ba a cikin su biyun.

Can muryar ta sake fitowa, ta yi laushi, ta gaji. Ta ce sanda take da cikinsa injin na aiki, shekarun nasu ba irin na mutane ba ne, da wannan ƙarar ya saba tun kafin ya fito. Ta ce a tayar da injin, haka nan, ba salansa, yadda duk garin zai ji. In yana wani wuri a ƙasar nan zai gane ya taho. In ladan ya kira salla bai zo ba, ta haƙura. Malam ya sa ta rantse da Wanda Ya halicci mutum da aljan, ta rantse. Ya sa ta ƙara da cewa ba za ta dawo ba, ba za ta aiko ba. Ta ƙara.

Baballe ya tashi. Watanni yana mafarkin ranar da zai tayar da injin nan, har ya ce zai gayyato abokai a soya nama. Ya zuba mai, ya cika ruwa, ya sa hannun tayarwa, ya yi bisimilla ya fara juyawa. Wililin suka motsa da kyar, suka yi nishi, suka tsaya. Ya sake. Jinin yankan hannunsa ya shafi ƙarfen. A karo na gaba injin ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama.

Aishatu, ke ma kin ji shi ranar, kowa ya ji. Kamar ana harba bindigar toka a jere, a hankali, ba gaggawa. Kwanon rumfa na rawa, ƙasa na amsawa a ƙarƙashin tabarma, tattabarun maƙwabta suka tashi gaba ɗaya. Mutane suka taru a ƙofar gida suna bugawa, ba a buɗe ba. Safinatu ta miƙe zaune, ta saki hannun uwarta, ta juya ta fuskanci bakin rumfa, ta buɗe hannuwa. Leɓunanta na motsi, ƙara ba ta bari a ji ba, amma Asama'u ta san abin da take cewa.

Asama'u ta sami kanta ita ma tana kallon bakin rumfar. Ta san in yaron ya zo ko bai zo ba an yi rantsuwa, ’yarta za ta dawo. Duk da haka ta kafa wa ƙofar ido, tana duban ƙasa-ƙasa, daidai tsayin mai rarrafe. Hayaƙi ya cika wurin ya fita. Wata leda ta shigo da iska ta kwanta. Sararin sama ya tashi daga ja ya koma toka.

Malam ne ya ga lokaci, ya ɗaga wa Baballe hannu. Aka kashe. Wililin suka ci gaba da juyawa su kaɗai, suna rage gudu, har suka tsaya. A cikin shirun da ya biyo baya aka ji ladan ya riga ya kai tsakiyar kira.

Hannuwan Safinatu suka sauko a hankali. Malam ya ce in tana so a mayar da injin lambun da aka ɗauko shi, a mota ɗaya, Alhaji zai yi. Ta ce a bar shi, ba za ta iya kwana a cikinsa ba kuma. Ta tambaya wace hanya ce arewa. Malam ya ce ta bi layin dogo, kada ta sauka daga kansa. Ta juyo ta dubi Asama'u.

"Ki riƙa ba ta ruwa da yawa," ta ce. "Za ta sha wuya kwana biyu."

Safinatu ta yi atishawa, ta sake, ta faɗo jikin uwarta. Nauyin ya tafi, saura ƙashi da fata. Ta buɗe ido ta dubi kwanon rumfa, ta dubi ubanta da ke tsaye baƙi ƙirin da hayaƙi.

"Umma, wai me ya faru? Abba ya zama makanikin kasuwar Ladipo ne?" Ta yi ƙoƙarin dariya, sai ta tsaya, ta dubi ƙirjinta. "Umma, rigata a jiƙe take."

Asama'u ta duba. Gaban rigar ya jiƙe sharkaf, wuri biyu, yana ci gaba da tsatsafowa. Ta san warin kafin ta taɓa. Nono ne. Malam Habibou ya kawar da kai ya tashi ya fita salla, ya ja Baballe. Asama'u ta cire mayafinta ta lulluɓe ’yarta, ta rungume ta, ta jira farin ciki ya zo. Bai zo ba a ranar. Ta dai ji ɗumin abin yana ratsa mayafin yana taɓa nata ƙirjin.

Ya yi kwanaki yana zuba. Yarinyar da ba ta san namiji ba ta kwana da zazzaɓi da ciwon da matan da suka binne jariri kaɗai suka sani. Asama'u ta gasa mata da ruwan zafi, ta ɗaure ta tam da zane yadda ake yi wa wadda goyonta ya koma, ta wanke rigunan da kanta ta shanya su a cikin ɗaki. Safinatu ta tambaye ta sau ɗaya, na wane ne? Ta ce na wani yaro ne da ba a samu ba. A wajen wankin nan ne, rana tsaka, hannunta a cikin kumfa, kukan ya zo mata. Ta yi shi har ta gode Allah, ba ta kuma san wa take yi wa ba.

Safinatu ta warke, ta koma karatunta, bakinta ya dawo. Yanzu haka ana maganar aurenta, mutanen kirki ne. Ke kin san Agege, Aishatu. In maganar rigar nan ta fita, ba wanda zai tsaya jin zancen inji da salansa, watannin ciki za su zauna lissafa mata. Don girman Allah, abin da kika ji a ɗakin nan ki bar shi a nan. Ko mijinki kada ya ji.